Ba Kowane Ƙaton Jariri Ne Lafiyayye Ba

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyarmu, wadda ta yi ritaya daga aikin ɗakin haihuwa, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya. Mun buga shi don waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma mazajenmu da surukanmu a gida.



Shugaba, iyayenmu mata, ƙannena da 'ya'yana, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga Bakori, Danja, Ƙafur, Dandume da Malumfashi, sannunku da hanya. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Da aka ce in yi magana, na san wasu sun zaci zancen taki ko bashin noma zan yi. To, wannan na bar wa ma'aji. Ni abin da na sani shi ne ɗakin haihuwa, kuma akwai wata magana da ta daɗe tana damuna.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata rana da asuba aka kawo mana wata baiwar Allah, haihuwarta ta biyar, ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida. 'Ya'yanta huɗu duk a ɗaki ta haife su. Na huɗun, in ji surukarta, tubarkalla ƙato ne, har mutane na zuwa kallo ranar suna. Wannan karon kan yaro ya fito, kafaɗa ta maƙale. Duk wadda ta yi aikinmu ta san babu mintunan da suka fi waɗannan tsawo. Allah ya taimake mu muka fito da shi da rai. Muka ɗora a sikeli, kilo 4.6. Amma hannunsa ɗaya ya saki, ba ya ɗagawa. Kafin hantsi kuma ya fara rawar jiki, ya ƙi kama nono. Muka auna jininsa, sukari ya yi ƙasa ƙwarai. Muka auna na uwar, nata ya hau. Surukar ta dube ni ta ce, “Hajiya, ai yarinyar nan ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Ga ta nan ɓul-ɓul.” Gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan ciwo ba ya kwantar da mace. Shiru yake aikinsa.

Sunansa ciwon suga na masu juna biyu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa cikin kowace haihuwa shida a duniya, ɗaya uwar ta yi fama da hawan sukari a lokacin cikin. Ku dubi layin da kuke zaune ku ƙirga mutum shida, kun ga ba abin nesa ba ne.

Yaya abin yake faruwa? Duk abin da muka ci mai gari, tuwon masara ne, shinkafa ce, fura ce, taliya ce, rogo ne, in ya shiga ciki sukari yake komawa ya bi jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki, ba abin ƙi ba ne. Amma ba ya shiga tsoka da kansa. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, sunansa insulin, daga wata 'yar tsoka da ke bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ku ɗauka jini hanya ce, tsokokin jiki kuma sito ne. Insulin shi ne ɗan makullin da ke buɗe sito a shigar da kaya. In makulli ya yi kaɗan, ko kwaɗon ya yi tsatsa, kaya sai su taru a kan hanya. Wannan taruwar ita ce ciwon suga.

To, in mace ta samu ciki, mabiyiya ba abinci kawai take kai wa yaro ba. Ita ma tana zuba nata sinadaran a jinin uwa, irin waɗanda likitoci ke kira homon, wato 'yan aiken da ke kai saƙo daga wani sashen jiki zuwa wani. Saƙon da waɗannan ke kaiwa shi ne, “Uwa, rage ɗiba, bar wa yaro.” Sai su sa kwaɗon sitocin uwa ya yi tauri da gangan, don sukari ya ɗan daɗe a jini ya isa ga ɗan da ke ciki. Hikimar Ubangiji ce, kuma kowace mai ciki haka jikinta ke yi. Yayin da mabiyiya ke girma, sinadaran na ƙaruwa, musamman daga wajen wata shida zuwa haihuwa. Yawancin mata jikinsu na ninka insulin ya rufe giɓin, a wuce lafiya. Wasu kuma jikinsu ya kasa. Su ne sukarinsu ke hawa.

Ina ƙiba ta shigo? Kitse mai yawa, musamman na tumbi, shi ma yana sa kwaɗon nan tauri tun kafin a yi cikin. Mace mai teɓa ta shiga ciki da kaya a kai, sai mabiyiya ta ɗora mata wani. Ma'aikatan lafiya na haɗa nauyi da tsawo su fitar da lamba, in ta kai 30 ana cewa ƙiba ta yi yawa. Misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 77 kafin ta ɗauki ciki, ta shiga wannan sahu. Amma kada siririya ta ce ta tsira. Na ga sirara da yawa da shi.

Yanzu ku saurari abin da ke faruwa da yaro, don nan ne gizo ke saƙa. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin yaro. Insulin ɗin uwa kuwa ba ya ratsawa. Sai yaro ya ga sukari na ta kwararo masa, dole ya ƙera nasa insulin mai yawa. Shi kuma insulin a jikin ɗan tayi kamar taki ne a gonar masara, yana sa girma, yana tara kitse, musamman a kafaɗu da ƙirji da ciki. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Pedersen, shi ya bayyana wannan tun a shekarun 1950. Daga baya aka yi wani babban bincike a kan mata sama da 23,000 a ƙasashe tara, aka fitar da sakamakonsa a 2008. Abin da aka gano shi ne, ko sukarin uwa bai kai na cikakken ciwon suga ba, duk ɗan hawan da ya yi, yiwuwar haihuwar ƙaton yaro na ƙaruwa.

Nauyin da ake so ga jaririn da ya cika watanninsa shi ne daga kilo 2.5 zuwa ƙasa da kilo 4. In ya kai kilo 4 ko ya wuce, mu a ɗakin haihuwa ba guɗa muke fara yi ba, tambaya muke fara yi. Ba na ce kowane babban yaro na mai suga ne ba, akwai gado, iyaye dogaye kan haifi manya. Amma girman da sukari ya kawo kitse ne, ba ƙarfi ba ne. Ga uwa, yana kawo doguwar naƙuda, ƙari mai muni, zubar jini bayan haihuwa, da yawan kaiwa ga tiyata. Kun san doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma duk wadda ta taɓa kai 'yar uwa asibitin Babbar Ruga a Katsina ba sai an yi mata bayani ba. Mai suga kuma ta fi saurin haɗuwa da hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Ga yaro, akwai maƙalewar kafaɗa da ke taɓa jijiyar hannu, akwai wahalar numfashi, akwai shawara, akwai kuma mutuwa a ciki dab da haihuwa, Allah ya kiyaye. Da zarar an yanke cibiya, sukarin uwa ya tsaya, amma insulin ɗin yaro na nan da yawa, sai ya shanye ɗan abin da ke jininsa. Shi ya sa yaron da na ba ku labari ya kama rawar jiki.

Wa ya kamata ta fi sa ido? Wadda ta taɓa haihuwar yaro mai kilo 4 ko fiye. Wadda uwarta, ubanta ko ɗan uwanta na jini ke da ciwon suga. Mai ƙiba. Wadda shekarunta suka ja, musamman daga 35. Wadda ta taɓa haihuwar ɗa babu rai ba a san dalili ba. Wadda aka taɓa ce mata tana da suga a wani cikin. Da wadda aka ga sukari a fitsarinta wajen awo, ko aka ce ruwan cikinta ya yi yawa. In kina cikin waɗannan, ki faɗa da bakinki ranar awon farko, kada ki jira a tambaye ki. Layi na da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, ke ce kika san tarihinki.

Kada ku jira alama. Yawan fitsari, ƙishirwa da kasala, ai kowace mai ciki na yinsu, ballantana a zafin bazara. Gwaji kaɗai ke rarrabewa. Gwajin fitsarin da ake yi wajen awo yana da amfani, amma da yawa na kuɓuce masa. Cikakken gwajin ana yinsa ne tsakanin sati 24 da 28, wato wajen wata shida. Za ki kwana ba ki ci komai ba sai ruwa, aƙalla awa takwas. Da safe a ɗibi jini, a ba ki ruwan sukari gram 75 ki shanye, ki zauna, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, da kuma bayan awa biyu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce in na farko ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10, ko na awa biyu ya kai 8.5, to akwai shi. Wasu na'urorin da manyan lambobi suke ƙirga, a nan sai ki ji 92, 180 da 153. Ɗaya kawai ya isa. In asibitin ƙauyenku ba su da kayan, ku nemi takarda zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Mai wahalar gaske akan tura ta asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Katsina.

In an ce kina da shi, kada hankalinki ya tashi. Ba hukuncin kisa ba ne, kuma ba laifinki ba ne. Yawancin mata gyaran abinci da motsa jiki kaɗai ke isarsu. A wani bincike da aka fitar a 2005, wanda aka yi mafi yawansa a Ostireliya a kan mata dubu, jariran da aka kula da sukarin iyayensu ɗaya cikin ɗari ne suka gamu da babbar matsala wajen haihuwa, waɗanda ba a kula ba kuwa huɗu cikin ɗari. Kun ga kulawa na da riba.

Maganin kuma yana cikin gonakinmu. Ba a ce ki bar tuwo ba, malmalar za ki rage, ki yawaita miya. Ki raba kwanonki huɗu a ido: kashi biyu ganye, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kuka, kabeji. Kashi ɗaya wake, awara, ƙwai, kifi, nama ko gyaɗa. Kashi ɗaya tuwo ko shinkafa. Mu da muke noma waken suya muna kai wa kasuwar Dandume, bai kamata a ce awara ta gagari mai ciki a gidajenmu ba. Garin da ba a surfe shi ƙal ba ya fi, don dusar nan na rage saurin hawan sukari. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ya fi ki cika ciki sau biyu. Kuma kada a ruɗe ku da cewa acha ko alkama ba sa ɗaga sukari. Su ma gari ne, in kika cika kwano za su ɗaga.

Abin da za ki yi wa sallama shi ne abin sha mai zaƙi. Robar lemo ta rabin lita kan ɗauki sukari kimanin gram 50, ya haura ƙaramin cokali goma. Shayi mai kauri, kunu da koko da aka zuba wa sukari, zoɓo mai zaƙi, mazarƙwaila, alewa, rake. Mutanen Danja ku yi haƙuri, na 'yan watanni ne. Zuma da dabino ma sukari ne, a taɓa kaɗan. Sai al'adar nan ta haɗa lemon malt da madarar gwangwani wai ƙarin jini. 'Yan uwa, ƙarfen da ke ƙara jini ba ya cikin wannan haɗin, sukari ne ya cika shi. Ƙarin jini na cikin ƙwayar da ake ba ku wajen awo, da hanta, da nama, da wake, da ganye.

Bayan cin abinci kada ki miƙe a tabarma. Ki zagaya tsakar gida minti goma ko sha biyar. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini. In duk an yi wannan bai sauka ba, likita zai ba da ƙwaya ko allurar insulin. Na san ana tsoron allurar, wai in an fara ba a dainawa. Ga mai sugan ciki, galibi ranar haihuwa ake ajiye ta. Kuma na gaya muku ba ta ratsa mabiyiya. Kada a bar maganin asibiti a koma jiƙe-jiƙe. In azumi ya zo, mai suga da ciki ta yi shawara da likita tukuna, addini ya yi mata rangwame, ku tambayi malamai.

Akwai maganar da sai mu mata za mu faɗa wa juna. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda ake ɗura wa amare da sunan gyaran jiki, a cikinsu akwai masu ɗaga sukari da hawan jini kai tsaye. Kumburi ne suke sawa, ba lafiya ba. Yarinya ta sha wata biyu kafin biki, ta tare, ta samu ciki da wannan a jikinta. Mu iyaye mu ne ke saye, mu ne kuma za mu iya hanawa.

To, kada wata ta koma gida ta ce Hajiya ta ce a rage ci don yaro ya zo ƙarami. Wallahi ban ce ba. A yankinmu ƙaramin jariri, wanda bai kai kilo 2.5 ba, shi ma babbar matsala ce, kuma zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, yunwa da hawan jini ke kawo shi. Na sha ganin mata na ɓoye ƙwayar ƙarin jini a ƙarƙashin katifa wai tana sa yaro ya yi ƙato. Ba ita ke kawo irin girman da nake magana ba. Ita ce ke tsaya miki ranar da jini ya ɓalle. Ku sha ta, ku sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa wajen awo, ku kwana cikin gidan sauro. Ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon cikin, mai ƙiba sosai kuma kilo 5 zuwa 9. Rage ƙiba kafin ciki ake yi, ko bayan haihuwa. Wadda kuma dama tana da ciwon suga, ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, don a watanni biyun farko ake halittar zuciya da ƙashin bayan yaro, kuma hawan sukari a lokacin na iya yi musu lahani.

Mai suga a asibiti za ta haihu, ba a ɗaki ba, ko haihuwarta ta goma ce. In likita ya ce aiki za a yi, ba ragwanta ba ce, kada kishiya ko dangin miji su mai da shi abin gori. Da yaro ya faɗo a sa shi a ƙirjin uwa, a ba shi nono cikin awar farko. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abincinsa na farko kuma shi ke riƙe masa sukari. In ya yi laƙwas, ko yana rawar jiki, ko ya ƙi kama nono, a kira ma'aikaciya nan take.

Bayan haihuwa mabiyiya ta fita, sinadaranta sun tafi, sukari yakan sauka. Amma an bar miki gargaɗi. Wadda ta yi sugan ciki ta ninka sauran mata kusan sau bakwai wajen yiwuwar kamuwa da cikakken ciwon suga nan gaba. Ki koma gwaji tsakanin sati shida da sha biyu, wato da kin yi arba'in, sannan ki riƙa dubawa a kai a kai. Shayarwa na taimaka miki. A yi hattara da kunun jego da ake cika wa sukari, da yawan kanwa, wadda likitocin Zariya suka daɗe da danganta ta da ciwon zuciyar masu jego.

Zuwa ga mazajenmu da za su karanta wannan. Malam, kuɗin awo da gwaji bai kai na tiyatar gaggawa ba, bai kai na ragon suna ba. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, maƙwabciyarmu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, matan da ba su yi awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shekaru sun wuce arba'in, darasin bai tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko cikin wata ukun farko. Ka ba da izini tun wuri, har na fitar dare, don kada naƙuda ta zo kana kasuwa a zauna jiran ka. Iyayenmu surukai kuma, ku ne masu faɗa a ji a gida. In kun ce a tafi, za a tafi.

Shugaba, ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na ɗaya, a ware wani abu daga asusunmu don kuɗin gwaji da na mota ga 'yar ƙungiya mai ciki, ta biya bayan kaka. Na biyu, kowane reshe ya samu mace ɗaya da za ta san masu ciki, ta tuna musu in wata shida ya yi, a kuma ajiye lambar direban da zai tashi ko tsakar dare ne. Na uku, a tarukanmu da sunayenmu mu rage katan-katan na lemo, mu kawo zogale da awara da ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun haɗa kuɗi mun sayi taki, za mu iya haɗawa mu tsare rai.

Wancan yaro da na fara da labarinsa, an yi ta kai shi gashin hannu, ya samu sauƙi sosai. Uwarsa ta sake samun ciki, ta zo awo tun wata biyu, aka gwada, aka samu, ta kiyaye. Ta haifi 'ya mace mai kilo 3.3, lafiya lau. Surukar ce ta riƙo mata jaka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.